Ma'anar "Gilded Age": zamanin ruwan gwal

Duk matar da ta taɓa sayen sarƙa ta san bambancin gwal da abin da aka shafa wa ruwan gwal. Wannan ne ma'anar "Gilded Age", kalmar da jaridun Amurka ke yawan jefowa idan ana zancen dukiyar masu kamfanonin fasaha, har su ce an shiga zagaye na biyu. Asalinta shekarun 1870 ne zuwa wajen 1900, lokacin da Rockefeller ya mamaye man fetur, Carnegie ƙarfe, gidan Vanderbilt jiragen ƙasa. Sama ƙyalli, ƙasa kuwa cin hanci da leburori masu kwana da yunwa. Kitsen rogo, in ji Bahaushe.

Sunan ya fito daga littafin zolayar masu kuɗin zamanin da marubucin Amurka Mark Twain da maƙwabcinsa Charles Dudley Warner suka fitar a 1873. Abin da ke ba ni dariya shi ne, shi Twain mai zolayar masu kuɗi surukin masu kuɗi ne.

Twain, wanda sunansa na yanka Samuel Clemens, ya auri Olivia Langdon a watan Fabrairun 1870, 'yar Jervis Langdon, attajirin kwal a garin Elmira na jihar New York. Ta hanyar ƙanenta Charles ya san ta, bayan sun haɗu a jirgin ruwa a 1867. Da uban ya yi binciken aure, waɗanda Twain ya bayar a matsayin shaidu ba su faɗi alheri ba. Tsohon ya ba shi duk da haka, ya ranta masa kuɗin sayen kaso a jaridar Buffalo Express, ya kuma danƙa wa ango da amarya gida sukutum da kayan ɗaki. A gonar yayar Olivia, Quarry Farm, ya yi rubutun da yawa daga cikin shahararrun littattafansa.

A yi wa gidan Langdon adalci: sun yi adawa da bauta, sun taimaki bayi masu gudu.

Shi kansa Twain ciwon zamanin bai bar shi ba. Ya zuba dukiyarsa da gadon matarsa a wata na'urar jera haruffa da ba ta yi kasuwa ba, kamfaninsa na buga littattafai ya karye a 1894. Wanda ya taimaka masa ya warware basussukan shi ne Henry Rogers, babba a Standard Oil, kamfanin Rockefeller.