Matsalolin sandar sitiyari da bustar birki a tsohuwar Peugeot 504

Peugeot 504, wadda aka fi sani da Fijo, mota ce ƙirar Faransa da ta fara fita a 1968, ta kuma ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. Kamfanin PAN na Kaduna, mai haɗa motocin Fijo a Najeriya, ya fara haɗa motoci a 1975 kuma ya daɗe yana fitar da 504 har cikin shekarun 2000, shi ya sa har yau ana ganinta a tashoshi da garejin Kaduna da Kano da Maraɗi. Injinta na da juriya, amma wuri biyu ne suka fi ba masu ita ciwon kai in ta tsufa, wato sandar sitiyari da bustar birki, kuma sau da yawa laifin na wata 'yar roba ce mai araha ba babban ƙarfen da ake gaggawar canzawa ba.

Bustar birki

Busta ita ce baƙar gwangwanin nan mai faɗi da ke tsakanin fedal da mastan birki, wato silindar da ke tura man birki zuwa tayoyi. A cikinta akwai faifan roba da ya raba ta gida biyu, injin mai fetur yana zuƙe iskar ciki ta wani tiyo da ya taso daga manifol, wato bututun da injin ke shaƙar iska ta cikinsa, to in direba ya taka birki sai iskar waje ta shiga gefe ɗaya ta tura faifan, ƙarfin ƙafa ya ninka. Injin dizal ba ya samar da wannan zuƙar da kansa, saboda haka 504 mai dizal tana da ɗan famfo na musamman, in shi ya mutu birki ya yi tauri ko da bustar lafiyarta ƙalau.

Gwajin da makanikai suka saba yi ba ya buƙatar kayan aiki. A kashe mota, a taka birki sau huɗu ko biyar har ya yi tauri, a riƙe ƙafa a kai sannan a tayar da injin, in fedal ya ɗan nutsa ƙasa to busta na aiki, in kuwa ya tsaya cak kamar an taka dutse akwai matsala. Nan ma kada a yi saurin sayen sabuwa, a fara duba tiyon ko ya tsage ko ya lanƙwashe ya toshe, sannan a cire ɗan bawul ɗin da ke bakin busta a hura shi, ya kamata iska ta wuce ta gefe ɗaya kawai. Lafiyayyen injin fetur a silo yana ba da zuƙa kusan inci 17 zuwa 21 a gejin auna zuƙar iska, in ta yi ƙasa sosai to a koma kan injin da kabireta. Jin shuuu a ƙarƙashin dashbod lokacin taka birki, ko injin ya riƙa karkarwa yana neman mutuwa, alama ce faifan ciki ya fashe.

Akwai abin da ake yawan ɗora wa busta alhali ba ruwanta. Fedal mai laushi da sai an yi ta famfo iska ce a layin mai, sai a cire ta taya bayan taya. Fedal da ke nutsewa a hankali alhali ƙafa na kai, robobin mastan ne suka cinye. In man birki na raguwa kuma ba a ga ɗigo a ƙasa ba, a kwance mastan a leƙa bayansa, don yakan yoyo cikin busta ya ci faifan. Man birki nau'in DOT 3 da DOT 4 na shan danshi, ya kamata a sauya shi duk shekara biyu, kuma don Allah kada a zuba man injin a ciki, yana kumbura duk robobin. In kuma birki na kamawa bayan an sauya masta, a auna 'yar sandar ƙarfen da ke tura shi, wataƙila ta yi tsawo.

Sandar sitiyari

Sandar ta sauko daga kan sitiyari ta haɗu da rak, wato ƙarfe mai haƙora da ke juya tayoyin gaba, ta wani faifan roba mai ƙarfi da ke shanye girgiza. Zafin injin da mai da ke ɗiga su ke busar da shi, in ya tsage sai a ji sitiyari na wasa kafin taya ta motsa. Mutum ɗaya ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama, ɗayan ya bi da ido daga sama zuwa ƙasa har ya ga inda motsi ya tsaya, ta haka ake bambance roba da tayarod (ƙarfen da ya haɗa rak da taya) da rak ɗin kansa. In sitiyarin ne ke motsi sama da ƙasa ko yana ƙara ƙwas ƙwas a kan gargada, bushin ko boris na cikin sandar ne.

Makullin Neiman mai kulle sitiyari shi ma yakan cije in ya tsufa, a ɗan juya sitiyari yayin murɗa ki maimakon a tilasta shi ya karye. Wajen cire kan sitiyari kuma a yi amfani da fula, wato ƙarfen zaro shi, ba guduma ba, duka na lalata zare da boris, kuma a motocin da aka yi sandarsu don ta lotse lokacin haɗari, irin waɗanda General Motors ta fara sawa a 1967, duka ɗaya na iya karya maƙalan ciki. Kayan 504 har yanzu ana samunsu a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, sai dai robar da ta daɗe a ajiye ita ma tana bushewa, a lanƙwasa ta a hannu a duba tsaga kafin a biya kuɗi.