Idan manhaja ta riga malam masallaci: tambayoyi da amsoshi kan jeranta ayyuka a Jira

Jira manhaja ce da kamfanin Atlassian na ƙasar Ostireliya ya fitar a 2002. Aikinta bin diddigin matsaloli: kowace matsala a buɗe mata tikiti, tikitin ya yi ta tafiya daga "sabo" zuwa "ana kan aiki" har ya kai "an gama". Ba ita ce farau ba, Bugzilla ta riga ta tun 1998, amma a yau tana cikin waɗanda aka fi samu a ofisoshi. Duk wanda aka taɓa damƙa wa kula da ita ya san kukan nan: "Jiya ya yi, yau ya ƙi, kuma ban taɓa komai ba." Galibi ba wani abu ne ya lalace ba. Wani aiki ne ya shiga gaban wani.

Wai waɗanne ayyuka ne manhajar ke yi da kanta?

Wuri biyu suke zaune, kuma haɗa su a kai shi ne mafarin ruɗani. Na farko su ne waɗanda aka ɗaura a jikin sauyin matsayi. Lokacin da ka danna maɓallin da zai kai tikiti daga "ana kan aiki" zuwa "an gama", manhajar ta riga ta duba ko kai ne ya halatta ka ga maɓallin, sai ta tantance abin da ka cike, sannan ta bi wani jerin ayyuka na bayan sauyi ɗaya bayan ɗaya.

Na biyu su ne ƙa'idojin sarrafa kai. Asalinsu ƙari ne, wato ƙaramar manhaja da ake liƙa wa Jira, da wani ƙaramin kamfani mai suna Code Barrel ya ƙera, Atlassian ya saye shi a 2019 ya cusa aikin cikin Jira. Kowace ƙa'ida tana da kunama, kamar ta bindiga, wato abin da ke tayar da ita: an buɗe tikiti, an canza wani gurbi (wurin da ake cike bayani a jikin tikiti), ƙarfe takwas na safe ta yi. Bayan kunama sai sharuɗɗa, sai matakan aiki.

In na jera matakai biyar, haka za su gudana?

A cikin jeri guda, ƙwarai. Daga sama zuwa ƙasa. Sai dai jerin bayan sauyi ba fanko kake samun sa ba. Akwai matakai biyar da Jira ta riga ta kafa, ba ka isa ka goge su ba: ta sauya matsayin tikitin, ta ƙara sharhin da aka rubuta in akwai, ta rubuta tarihin canji ta adana tikitin a rumbun bayanai, ta sabunta fihirisar bincike, a ƙarshe ta yi shelar cewa abu ya faru. Wannan shelar ita ke tayar da imel ɗin sanarwa da duk wani mai kasa kunne.

Naka matakin tsakaninsu za ka sa shi, kuma inda ka sa shi ɗin shi ne maganar. A ce kana so duk tikitin da aka rufe a cike masa gurbin "yadda aka warware". In ka ajiye matakin a ƙasan shela, an riga an sanar da jama'a kafin ka rubuta, kamar a yi gangami a watse sannan a kawo saƙon. In ka ajiye shi bayan adanawa, kana iya samun canjin bai shiga tarihi ba, ko bincike ya ci gaba da nuna tsohon abu. Wurinsa sama, kafin a adana. Gurbin nan kuwa ba abin wasa ba ne: muddin babu komai a cikinsa, Jira na ƙirga tikitin cikin waɗanda ba a warware ba, ko da matsayinsa na cewa "an gama". Shi ya sa za ka ga rahoton ƙarshen wata cike da ayyukan da aka kammala tuntuni.

Wajen buɗe sabon tikiti abin yana juyawa. Kafin matakin da ke ƙirƙirar tikitin, ba shi da lamba, don bai wanzu ba tukuna. Duk abin da ke buƙatar lambarsa, kamar haɗa shi da wani tikiti ko yanka masa ƙananan ayyuka, dole ya jira a haife shi. Ba a raɗa wa ciki suna.

To in ƙa'idoji biyu suna da kunama iri ɗaya, wace ce za ta fara?

Babu wanda zai ba ka tabbas, har ita Jira. Kowace ƙa'ida ana jefa ta layi ne a bayan fage, na'urorin da ke aikin su ɗauka yadda ta zo musu. Yau ta farko ta riga, gobe ta biyu, jibi su taso tare kamar an buɗe wa awaki ƙofa.

Na taɓa shan wannan a wani ofis da na yi wa aiki. Ƙa'ida ɗaya tana karanta kan saƙon mai ƙorafi, in ta ga kalmar "biya" ko "rasit" ta sa wa tikitin rukunin kuɗi. Ƙa'ida ta biyu tana duba rukuni ta miƙa tikitin ga mai shi. Dukansu "an buɗe tikiti" ke tayar da su. Na gwada a gaban oga, ya tafi sumul. Bayan 'yan kwanaki sai ga shugabar sashen kuɗi tsaye a kaina da waya a hannu: "Malam, mutum ya biya tun Litinin, tikitinsa na kwance babu mai shi." Da na buɗe kundin tarihin ƙa'idojin sai na ga ta biyun ta gudana, ta iske gurbin rukuni wayam, sharaɗinta bai cika ba, ta kama gabanta. Ko kuskure ba ta rubuta ba, domin a wajenta babu laifin da aka yi. Daƙiƙa ɗaya bayan haka ta farkon ta zo ta cike rukunin. Tikitin ga shi nan tsaf, da rukuninsa, ba wanda zai kalle shi ya ce da matsala.

Abin da ke sa irin wannan wuyar kamawa shi ne a lokacin gwaji ba cunkoso. Sai aiki ya yi yawa halin ke fitowa.

Ba sai in sa musu lamba a suna ba, 1 da 2?

Sunan don idonka ne. Manhajar ba ta duba shi.

Yaya ke nan ake tilasta wannan ya jira wancan?

Hanya mafi lafiya ita ce ka haɗe su ƙa'ida ɗaya: sa rukuni, sannan miƙa tikiti. Mutane na gudun haka don ƙa'idar kan yi tsawo ta yi muni a ido. Ni dai na gwammace doguwar ƙa'ida mai muni da gajeru guda shida masu kyau da ke tsere da juna.

In ba ta haɗuwa, sai ka yi sarƙa. Ka sauya kunamar ta biyu daga "an buɗe tikiti" zuwa "an canza gurbin rukuni", ta yadda aikin ta farko ne zai tayar da ita. Akwai ƙaramin akwati a shafin bayanan ƙa'ida da za ka sa wa alama don ba da izinin wata ƙa'ida ta tayar da wannan. A kashe yake zuwa, kuma da gangan aka yi haka. In ka manta da shi, sarƙar ba za ta motsa ba, ka wuni kana neman laifin da babu.

In kuma ka kunna shi barkatai, ga tufka da warwara: wannan ta canza gurbi ta tayar da waccan, waccan ta mayar da shi ta tayar da wannan. Jira ta gajimare, wato wadda Atlassian ke gudanarwa a na'urorinsa ta intanet, tana da birki, tana tsinke sarƙar da ta kai zagaye 10, amma kafin nan mai ƙorafi ya sha imel.

Ƙa'ida ɗaya ce, jeri daidai, amma mataki na biyu bai ga abin da na farko ya rubuta ba. Me ya faru?

Lokacin da kunama ta tashi, ƙa'idar tana ɗaukar hoton tikitin yadda yake a wannan lokacin, da shi take aiki har ta gama. Mataki na farko ya gyara tikitin gaske a rumbu, amma hoton da ke hannun ƙa'idar tsoho ne. Sai ka ga imel ya fita yana cewa "An miƙa ƙorafinka ga" sai fili. Maganinsa mataki ne guda mai suna Re-fetch, wanda ke sake ɗauko bayanan tikitin. Ka sa shi tsakanin mai rubutu da mai karatu. Kada dai ka barbaɗa shi ko'ina kamar gishiri, kowane ɗaya lokaci yake ci.

Sharaɗi ma yana bin jeri. In ka dasa shi a tsakiyar ƙa'ida bai cika ba, duk abin da ke ƙasansa ya tsaya, na samansa kuwa an riga an yi.

Reshe fa? Na ga kamar yana cikin jerin.

Ido ne ke yaudara. Reshe shi ne inda kake cewa "a yi kaza ga kowane ƙaramin aiki da ke ƙarƙashin tikitin nan". A allo yana zaune a tsakiyar jeri kamar kowane mataki, amma reshen da ya shafi tikiti da yawa yana ɓallewa ne ya yi gaban kansa, gangar jikin ƙa'idar ba lalle ta tsaya jiransa ba. Ka ce a rufe ƙananan ayyuka takwas a reshe, a ƙasa ka ce a rufe uwar tikitin, alhali akwai sharaɗin da ya hana rufe uwa sai 'ya'ya sun rufu: wata rana zai yi, wata rana ya ƙi. Haka nan abin da ka ajiye a cikin reshe ba ya fitowa waje. Dabarar da aka saba ita ce a juya lissafin: a yi wata ƙa'ida da rufe ƙaramin aiki ke tayarwa, ta duba ko duk 'yan'uwansa sun rufu, in haka ne ta rufe uwar. Na ƙarshen da ya rufu shi zai ja ƙofa.

In na sa jinkiri na 'yan daƙiƙoƙi ba shi ke nan ba?

Addu'a ce wannan, ba tsari ba. Daƙiƙa biyar da ta isa yau ba za ta isa ranar da tikiti suka yi ambaliya ba. Inda jira ke da ma'ana shi ne lokacin da ƙa'ida ta aika buƙata ga wata manhaja ta intanet. A nan akwai zaɓin a dakatar da sauran matakai har amsa ta dawo, kuma in kana buƙatar amsar a mataki na gaba, dole ka kunna shi. Wannan jiran abu ne takamaimai, ba jiran agogo ba.

Idan mataki na uku cikin biyar ya faɗi, na ɗaya da na biyu za su koma yadda suke?

A ƙa'idojin sarrafa kai, a'a. Abin da aka yi an yi. Shi ya sa nake jera su da tunanin wanne ne ba a iya janyewa. Gyaran gurbi ana iya mayarwa. Imel da ya isa wayar mutum ya tafi ke nan, haka saƙon da ya faɗa Slack, manhajar hirar ma'aikata. Irin waɗannan su zauna a ƙarshe. Sannan ka tuna ƙa'ida tana aiki ne da sunan wani asusu, in asusun ba shi da izinin taɓa wani gurbi, a daidai nan za ta tuntuɓe, kundin tarihi ya nuna maka matakin da dalilin.

Jira ce kaɗai ke da wannan hali?

Ko kusa. Wanda ke riƙe tikitinsa a GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, yana sarrafa su da tsarinsa na sarrafa kai, GitHub Actions, wanda ya buɗe ga kowa a Nuwamban 2019, zai iske abu ɗaya da wasu sunaye. Matakan da ke cikin aiki guda bi da bi suke tafiya. Ayyuka daban-daban a fayil guda kuwa tare suke tashi, sai in ka rubuta kalmar `needs` a ƙarƙashin na biyu ka ambaci sunan na farko. Fayil biyu da buɗe tikiti ke tayarwa, babu mai jiran wani, sai ka ɗaura na biyun a kan kammalawar na farko da `workflow_run`.