Haska fim a taron jama'a a Bauchi

Haska fim a taron jama'a shi ne a tara mutane a zaure ko a fili, a kafa farin ƙyalle, a nuna musu fim ba don neman riba kaɗai ba. Galibi abin da ake nunawa tsofaffin finafinai ne masu daraja, ko waɗanda masu shirya su suka yi da kuɗin aljihunsu ba tare da wani babban kamfani ya tsaya musu ba. Ya bambanta da gidan kallo na unguwa, inda ƙwallon Turai da sababbin finafinai suka fi ja. A ƙasar Bauchi wannan al'ada ta girmi talabijin, kuma tushenta majigi ne.

Zamanin majigi

Turawan mulkin mallaka ne suka kawo majigi. Wani jami'in lafiya, William Sellers, ya fara amfani da fim a Legas a ƙarshen shekarun 1920 don wayar da kai game da annobar da ɓeraye ke yaɗawa, kuma a 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka. Daga nan motocin majigi suka riƙa ratsa lardunan Arewa, har da Lardin Bauchi, wanda a lokacin ya haɗa da Gombe.

Motar kan iso da rana, a sanar da hakimi ko dagaci, a yi shela. Bayan sallar isha sai a tayar da janareta a ƙofar fada ko filin makaranta. Yara su zauna a ƙasa gaba-gaba, manya su tsaya a baya, hasken na'ura ya ratsa ƙura da ƙwari kafin ya sauka a ƙyalle. Faifan mai faɗin milimita 16 ne, kuma akwai mai sharhi riƙe da lasifika yana bayani da Hausa. Shi ne ran taron: in ya iya baki, fim ɗin tsaftar rijiya ma sai ya riƙe mutane har dare ya raba. Noman auduga da gyaɗa, rigakafi, yaƙi da jahilci da rangadin manya su ne abin da aka fi nunawa, kuma kallon kyauta ne. Gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da shi bayan 'yancin kai a 1960.

Gidajen silima na kuɗi wani layi ne daban. 'Yan kasuwa Kwarori ne suka fi riƙe su, suna kawo finafinan Indiya da na Amurka, kuma mutane da yawa na yi musu kallon matattarar 'yan iska, abin da bai taɓa majigi ba.

Shehu Umar

Duk tsohon fim ɗin da za a ambata, babu wanda ya fi kusa da Bauchi kamar Shehu Umar. Labarin na Abubakar Tafawa Balewa ne, wanda ya rubuta shi yana malamin makaranta a Bauchi, aka buga a 1934 bayan gasar rubutun Hausa da Rupert East ya shirya a Zariya. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi. Labari ne na yaron da aka raba da mahaifiyarsa a zamanin cinikin bayi, ya ƙetare Sahara, ya girma a hannun wani Balarabe har ya zama babban malami, ita kuwa uwar ta ƙarar da rayuwarta tana nemansa.

Fim ɗin ya yi shekaru da dama kamar ya ɓace. Daga baya aka gano faifansa a cikin kayan Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979 take da hedikwata a Jos. Cibiyar finafinai ta Arsenal da ke Jamus ta taimaka aka gyara shi aka mayar da shi na kwamfuta, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Abin takaici ne a ce an zauna an kalle shi a Jamus, alhali yawancin matasan Bauchi, garin da kabarin marubucin yake, sunan fim ɗin kawai suka sani.

Abin da haskawa ke buƙata a yau

Kayan aiki sun yi sauƙi: na'urar haska hoto, kwamfuta, lasifika mai kyau, janareta ko sola. Sautin ne ya fi ba da wahala, domin zaure mai rufin kwano yana amsa kuwwa, maganar tsohon fim kuma dama ba ta fita tangaram.

Samun fim ɗin shi ne babban aiki. Faifan da aka yi fim da shi a da yana lalacewa idan ya sha zafi da laima. Yakan fara warin tsami, ya lanƙwashe, launinsa ya koɗe. Kaset ɗin bidiyo ma bai tsira ba, shi ya sa finafinan farko na Kannywood, masana'antar da ake ƙirga farkonta daga Turmin Danya na 1990, da yawansu sai kwafi mai dishi-dishi ake samu. Sai kuma izini. Nuna fim a bainar jama'a yana buƙatar yardar mai haƙƙin mallaka ko da ba a karɓi ko sisi a ƙofa ba, kuma Hukumar Tace Finafinai ta ƙasa, wadda dokar 1993 ta kafa, ita ke rarraba finafinai bisa shekarun masu kallo.

Lokaci da zama ma abin lura ne. A garuruwa irin Bauchi, Azare da Misau, taron da ya ci karo da magariba ko isha ba ya samun dattawa, kuma iyaye sun fi sakin jiki idan an ware wa mata da yara ɓangarensu. Zaurukan makarantu da na jami'o'i sun fi dacewa, saboda akwai kujeru da tsaro, akwai kuma malaman Hausa da tarihi da za su iya jagorantar tattaunawa bayan an kunna fitila. Fim mai harshen waje kuwa, rubutacciyar fassara a ƙasan hoto ba ta wadatar da wanda bai yi boko ba, don haka har yanzu ana buƙatar mai sharhi a gefe.