Tsofaffin Sulallan Azurfa: Amsoshin da Na Gaji da Maimaitawa

Tun da aka ji cewa ina tara tsofaffin kuɗi a nan Bauchi, ban huta ba. Wannan ya zo da ƙulli a bakin zane, wancan da gwangwanin da ya tono a adakar kakarsa, kuma tambayar kowa ɗaya. Ga amsoshin nan, a karanta kafin a yi mini sallama.

Kwabo mai huji azurfa ne?

A'a. Anini ma haka, ɗari ma haka. Farin da kake gani haɗin tagulla ne da nikel.

An ce Turawa na sayen tsohon sule miliyoyin naira, gaskiya ne?

Wanda ya faɗa maka, ka ce ya kawo kuɗin ya ɗauka. Waɗannan sulalla an buga su da yawan gaske, galibinsu kuma sun goge a hannun 'yan kasuwa. Wanda ya shigo harkar nan don neman kuɗin dare ɗaya, gara ya koma kiwon kaji.

To waɗanne ne na azurfar?

Taro, sisi, sule da fataka (wato kuɗin sule biyu) masu kan Sarki Joji na Biyar, daga 1913 zuwa 1920, waɗanda hukumar kuɗin Afirka ta Yamma da aka kafa a 1912 ta fitar. Har zuwa 1919 azurfarsu kashi 925 ce cikin 1000. A 1920, da azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka koma tagulla mai ruwan ɗorawa, shi ya sa za ka ga sule biyu na shekarar, ɗaya fari ɗaya ja-ja. Sulen Nijeriya na 1959 mai kan Sarauniya babu azurfa a cikinsa ko ƙwayar gero. Sai kuma dala, babbar nan mai hoton Mariya Taresa ta Austiriya.

Mene ne bambancin hatimin da kuke ta magana?

Ba zuba kuɗi ake yi kamar yadda maƙeri ke zuba dalma ba. Hatimi biyu ne na ƙarfe, sama da ƙasa, ake danna azurfar a tsakaninsu. Hatimi yana gajiya, ya tsage, a gyara shi ko a sassaƙa sabo, kuma duk abin da ke jikinsa sai ya fito a kowane sulen da ya buga. Mai koyo ya fara da harafin gidan bugu: ƙaramar H na kamfanin Heaton ce a Bamingaham, KN na King's Norton, wanda ba shi da harafi kuma daga Landan yake.

Dalata an rubuta 1780, ke nan ta haura shekara 240?

Hajiya, kusan kowace dala 1780 ce. A shekarar ce Mariya Taresa ta rasu, aka ci gaba da bugawa ba a canza lambar ba, a Biyana, Milan, Landan, Faris, Roma, har Bombai. A ƙidayar ƙwayoyin lu'ulu'un da ke kambinta da maɗaurin kafaɗarta, da gashin jelar gaggafar baya, ake rarrabe su.

Na ga wani layi a kan sulena, yaya zan gane daga hatimi yake ko rauni ne?

Yauwa, wannan ce tambaya. Nemi madubin masu gyaran agogo mai ƙara girma sau 10, ka shiga ɗaki, ka haska tocila daga gefe, kusan a kwance, kana juya sulen sannu a hankali. Tsagewar hatimi rami ce a jikin hatimin, don haka a kan sule tudu take fitowa, siririya, tana karkacewa kamar faso a dugadugi, takan ratsa haruffa ta nufi baki. Karce kuwa rami ne. Amma kada ka yi saurin murna, domin wuƙa idan ta yanki azurfa takan tura ƙarfe gefe ya yi ɗan tudu, idan sulen ya ƙara yawo a hannu ramin ya dushe, tudun ya rage yana yaudarar mutum. Ni kaina na yi wata guda ina nuna wa abokai wata fataka ta 1916 da nake rantsuwa tsagewa ce a jikin itacen kwakwarta, sai da wani dattijo maƙerin fari ya sa farce ya ce, "Ɗana, wannan ai sawun zarto ne." Haka batun haruffa masu kamar an buga sau biyu: wani lokaci daga hatimi ne, sau da yawa kuwa sulen ne ya motsa yayin bugu, sai inuwar ta fito a shafe kamar ɗan dandamali. Ga kuma na jabu da aka zuba, masu ƙuraje da ƙananan ramuka. Ɗora shi a sikelin masu zinare: sule giram 5.65, fataka 11.31, dala 28 da ɗan ɗoriya, wanda ya goge zai ɗan gaza. Maganaɗisu bai isa shaida ba, tagulla ma ba ya kama ta. Ni dai ba na rubuta komai a littafina sai na ga sule na biyu mai shekara ɗaya, harafi ɗaya, da layin a daidai wurin. Kafin nan, zato ne.

In wanke shi da toka ko lemun tsami ya yi haske?

Kul! Baƙin nan shi ne rigarsa. Ka goge, ka tafi da siririn layin da muke nema, ka rage masa daraja.

Dalar kakata an liƙa mata kunne don ratayawa, ta lalace ke nan?

Kwantar da hankalinki, ƙanwata. A wurin masu tarawa farashinta ya faɗi, amma a tsakanin Fulanin Bauchi da Gombe haka dala da sulalla da yawa suka tsira daga narkarwa, a kitso da wuyan mata. Haruffa da gashin gaggafa suna nan, ana iya karanta su. Kada ki bari a sa mata wuta don cire kunnen. Naɗe ta a takarda, ita kaɗai, ki rubuta sunan kakar a kai.