Ma'anar komin: yadda ake lissafa ƙauyen manoma a Faransa

Idan aka ce wani ƙauye a Faransa yana da mutum 180, ba mazauna tsakiyar gari kaɗai ake nufi ba. Ana nufin komin, wato ƙaramar hukuma mafi ƙanƙanta a ƙasar. Mutanen Nijar sun san kalmar, don a can ma da komin ake raba ƙasa.

Komin yanki ne mai iyaka a taswira. Akwai tsakiyar ƙauye inda coci da ofishin magajin gari suke, sai tungaye masu gida uku ko biyar, da gonakin alkama, makiyaya da daji. Duk wanda gidansa na dindindin yake cikin iyakar, ɗan komin ne. An kafa tsarin a watan Disamba na 1789, bisa iyakokin tsoffin yankunan coci. Yau akwai komin kusan 35,000, kuma kimanin rabinsu ba su kai mutum 500 ba.

Yawan jama'a ne ke yanke girman majalisa. Ƙasa da mutum 100, kansiloli 7; daga 100 zuwa 499, kansiloli 11. Wa'adinsu shekara 6, kuma su ke zaɓen magajin gari daga cikinsu. Hukumar ƙididdiga INSEE tana ƙirga mutanen kowane komin da bai kai mutum 10,000 ba gaba ɗaya sau ɗaya a shekara 5. A nan mai karatu kan ruɗe: ba a sa masu gidan hutu cikin mazauna, shi ya sa ƙauyen da ke cika makil a watan Agusta kan bayyana a takarda kamar kango.

Ƙanƙanta tana da tsada. Matasa sun tafi birni, gonaki sun koma hannun manoma kaɗan masu manyan taraktoci, haraji ya ragu. Sai ka ga komin uku sun haɗa makarantar firamare ɗaya, sakatare ɗaya yana zagaya ofisoshinsu, shara kuma ƙungiyar kominonin yankin ce ke kwashewa. Dokar 2010 ta buɗe sabuwar hanyar haɗe komin biyu ko fiye su zama ɗaya, amma ƙauyuka da yawa sun ƙi, don ba mai son sunan garinsu ya ɓace.

Akwai ma komin da ba kowa. Kusa da garin Verdun, ƙauyuka 6 da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya shafe a 1916, irin su Fleury-devant-Douaumont, har yau suna nan a matsayin komin, wakilin gwamnati a lardin Meuse ne ke naɗa musu magajin gari.