"Amintattu": Kalmar da Ake Neman Mayarwa Sarauta

Kwanan nan ba inda za ka zauna ba ka ji an ce "amintattu" ba. Mai karanta labarai a rediyo zai ce "amintattun gwamna sun gana da shi cikin dare," alhali abin da yake nufi shi ne na hannun damansa. Ɗan siyasa zai ce "kwamitin amintattu ya ba da umarni," kamar yana maganar majalisar sarki. Har katin ɗaurin aure na gani an rubuta wa uban ango "Shugaban Kwamitin Amintattu" a ƙarƙashin sunansa, daidai wurin da ake sa Ɗanmasani ko Sarkin Yaƙi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani zama da na halarta a unguwar Mabera da ke Sakkwato, a falon kawuna. Ƙananan 'yan kwangila ne suka taru, irin masu ginin aji biyu da ofis, da kwalbati, da katangar makaranta, da rijiyar burtsatse, suna son su kafa ƙungiya tasu. Dalilansu masu ƙarfi ne. Mutum ya sa hannu a takardar aiki buhun siminti yana kan wani farashi, kafin a biya shi ya je masana'antar siminti ta Kalambaina ya tarar farashin ya tashi. Ya gama aiki, takardar biyansa ta kwana wata da watanni a kan teburin wani. In ya je shi kaɗai ba mai sauraronsa, in suka je su hamsin dole a ba su kujera. Duk wannan aka gama shi cikin rabin sa'a. Da lauyan da suka kira ya ce rajista na buƙatar sunayen amintattu, sai aka shiga abin da ya kai mu har bayan isha'i. Kowa yana son a sa shi. Wani ya ce shi ne babba a shekaru, wani ya ce motarsa aka yi ta yawon gayyata da ita. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, mu munka kahwa ta, wa ka zama amintacce in ba mu ba?"

To bari mu fara da ginin kalmar, don a nan gizo ke saƙar. Amintacce ɗan gidan su dafaffe ne, da gyararre, da ɗaurarre. Dukkansu suna nuna abin da aka yi wa aiki. Dafaffen nama wani ne ya dafa shi. Haka amintacce, sai wasu sun amince masa ake kiransa da sunan. Ba a tsayawa takarar zama amintacce yadda ake tsayawa ta kansila, kuma duk wanda ka ga yana zufa yana ɗaga murya sai an ba shi amana, ni dai gabana faɗuwa yake yi. Wannan ra'ayina ne, amma nahawu yana bayana.

Tushen kuwa Larabci ne, saiwa ɗaya da amana, da aminci, da imani, da mumini, da sunayen Aminu da Amina. Kowane yaron makarantar allo ya san mutanen Makka suna kiran Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Al-Amin tun kafin a aiko shi. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne yadda amanar take a aikace. Kaya suke kawo masa ajiya. Shi ya sa daren hijira, a shekarar 622, ya bar Sayyidina Ali a Makka don ya mayar wa kowa kayansa, har da waɗanda suka yi masa taron dangi. Ma'anar ke nan tun asali: dukiyar wani a hannunka, kana tsaronta, ranar da aka nema ka fito da ita yadda aka ba ka.

Mu ma nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Falke ya koro shanu daga Illela ko daga Ƙonni ya sauka a Kara, yana da fatomansa. Fatoma ya ba shi masauki, ya tsaya masa a ciniki, ya riƙe masa kuɗi har ya tashi komawa. Ba wanda ya taɓa cewa shanun sun zama na fatoma don kuɗinsu sun kwana a ɗakinsa. Ko ka ɗauki waƙafi, wanda a jihar nan har hukuma gare shi tare da zakka. Mutum ya tsayar da gona ko shago don marayu, sai a naɗa naziri ya kula. Naziri ba ya sayarwa, ba ya bayar da kyauta, in ya mutu 'ya'yansa ba sa gadon ko taku ɗaya. Da a hannuna abin yake, da "nazirai" na fassara kalmar Turancin nan "trustees" da ita, da an huta da wannan rububin. Ba wanda zai yi faɗa a kan a kira shi naziri, don kowa ya san wahala ce zalla.

Doka ma abin da ta ce ke nan, sai dai da nata harshen. Dokar kamfanoni da ake kira CAMA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agusta na 2020 ta maye gurbin ta 1990, ta ware wani ɓangare don ƙungiyoyin da ba neman riba suke yi ba. Matsalar da ɓangaren ya zo warwarewa mai sauƙin ganewa ce. Taron mutum ɗari biyu ba zai iya mallakar fili ba, ba zai iya buɗe asusun banki ba, ba zai iya shiga kotu ba, don yau wannan ya fita gobe wancan ya shigo. Sai doka ta ce ku zaɓi mutum biyu ko fiye, Hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ta yi musu rajista su zama jiki ɗaya a idon shari'a, mai suna, mai ɗorewa ko da mutanen cikinsa sun sauya. Filin sakatariya da sunan wannan jikin za a rubuta shi. In an kai ƙara, shi za a kai. Kafin a ba da takardar shaida sai an buga sunayen a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Yaro ba ya zama amintacce, haka wanda kotu ta tabbatar ba shi da cikakken hankali, da wanda aka ayyana ya karye bai farfaɗo ba, da wanda aka samu da laifin zamba ko rashin gaskiya cikin shekara biyar da suka wuce. Duba sharuɗɗan nan da kyau. Babu tsufa a ciki, babu yawan kuɗi, babu wanda ya fara kawo shawara. Dukkansu tambaya ɗaya suke yi: za a iya barin dukiyar jama'a a hannun mutumin nan?

Sannan ga wurin da fuskoki suka sauya a falon Kawu. Dokar ta ce kuɗin ƙungiya da kadararta ba a kashe su sai a kan manufar da aka kafa ta dominta. Ba a raba riba ga 'yan ƙungiya. Wanda ke cikin majalisar gudanarwa, kuma amintattu suna cikinta, ba a yanka masa albashi don yana kan kujerar, sai dai a mayar masa abin da ya kashe daga aljihunsa ko a biya shi wani aiki na zahiri da ya yi. Ko rushe ƙungiyar aka yi, abin da ya rage bayan biyan bashi ba a kasafta shi tsakanin mambobi, wata ƙungiya mai irin manufar ake miƙa wa. Lauyan na gama faɗin haka, wani Alhaji da ya fi kowa zafi ya ce, "To mi am amfaninta ke nan?"

Ina jin siyasa ce ta ɓata mana kalmar. A jam'iyyar PDP aka fi jin "kwamitin amintattu," kuma waɗanda aka gani a kujerar shugabancinsa manya ne: Alex Ekwueme, Tony Anenih, Cif Olusegun Obasanjo wanda ya hau a 2007 bayan ya sauka daga mulki ya ajiye a 2012, daga baya Sanata Walid Jibrin. Mai sauraron rediyo ya yi shekara ashirin yana jin duk lokacin da rigima ta tashi sai amintattu sun zauna, sai ya ɗauka kalmar na nufin dattawan da ba a tsallake maganarsu. Amma jam'iyya a wurin INEC take rajista, kuma tsarin mulkinta ne ya ƙirƙiro mata wancan kwamitin a matsayin masu ba da shawara da sasanci. Suna ne ya zo ɗaya. In ƙungiyar 'yan kwangila na son wurin ajiye dattawanta, ga "uban ƙungiya" nan, ga "majalisar dattawa," a ba su da girmamawa, a sa musu kujera a gaba ranar taro.

Ruɗani na biyu ya fi wannan tsada, kuma na lura shi ne ainihin abin da ke ƙasan rububin. Da yawa a zaman nan sun ɗauka da zarar an yi rajista, gwamnati za ta riƙa ba ƙungiya kwangila dunƙule, amintattu su zauna su yanka su raba. Wanda ke kan tabarmar rabo kuwa ba ya tashi hannu wofi. Alhali kwangila kamfani ake ba wa, mai takardar rajistarsa, da shaidar biyan haraji ta shekara uku, da sauran takardun da ake nema tun zuwan dokar sayen kayan gwamnati ta tarayya a 2007. In mutum goma suna son su haɗa ƙarfi su ɗauki babban aiki su raba riba, kamfani za su kafa, kowa da hannun jarinsa. In tara kuɗi suke so suna ba juna rance, ko su sayi tirelar siminti da rodi a sari su raba, ƙungiyar gama kai ce maganinsu, ita ma da tata dokar da nata ofishin. In kuma zama suke so su yi da leburori da magina a kan lada da sharuɗɗan aiki a hukumance, wannan rajistar ƙungiyar ƙwadago ce a ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, inda doka ta yarda masu ɗaukar ma'aikata ko su biyu ne su nema, su kuwa ma'aikata sai sun kai hamsin. Manyan kamfanonin gine-gine na ƙasar nan suna da tasu ƙungiyar, FOCI, tun 1954, kuma ban taɓa jin ta gina ko gada ɗaya da sunanta ba. Mambobinta ke gini, ita magana take yi a madadinsu.

Ban ce kujerar ba ta da ƙarfi ba, kada a yi mini mummunar fahimta. Tana da shi, kuma shi ya sa nake jin haushin yadda ake rabonta kamar goron suna. Shugaban ƙungiya ana iya kayar da shi a zaɓe da rana tsaka, gobe wani ya hau. Amintacce kuwa sunansa yana Abuja a rubuce. Kafin a cire shi sai babban taro ya yanke shawara, a sake bugawa a jarida, a sake jiran kwana 28, CAC ta amince. In aka yi gangancin rubuta wa tsarin mulkin ƙungiya cewa amintacce na nan har mutuwa, kamar yadda wasu suka nema a daren nan, to ranar da aka ɓata da shi an shiga uku. Takardar fili na hannunsa, banki na neman sa hannunsa, shi kuma ya kashe waya ya tafi Umara. Na san wata ƙungiyar unguwa da ta kasa taɓa kuɗinta na tsawon lokaci, don cikin amintattunta uku ɗaya ya rasu, ɗaya ya koma Kaduna, na ukun ba ya ga maciji da sabon shugaba. Sashe na 839 na dokar CAMA, wanda ya yi maganar dakatar da amintattu a naɗa masu riƙon ƙwarya, shi ne ya tayar da ƙura a 2020, ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi masa ca, magana ta kai har kotu. Wanda ya kafa ƙungiya yana jiran hukuma ta zo ta raba shi da amintaccen da ya zaɓa da hannunsa, zai daɗe yana jira.

Ni da za a tambaye ni, cewa zan yi a sa wa'adi, shekara huɗu ko biyar, a rubuta ƙarara yadda ake cirewa, kuma kada mutum ɗaya ya haɗa shugabanci da amana. A nemo mutumin nan da kowa ke ganin ya cika ƙa'ida har yana ba da haushi, wanda ke ajiye rasit ɗin yashi na shekara uku a cikin leda, wanda leburorinsa ba su taɓa kwana da haƙƙinsu a hannunsa ba. A kowace sana'a akwai irinsa, kuma yawanci a bayan falo yake zama kusa da takalma.

Da aka watse na raka Kawu bakin ƙofa. Ya yi shiru, can ya ce, "Wato in anka kai ƙungiya ƙara, sunana ka hita?" Na ce, "Allah shi ba ka nasara Kawu, sunan amintattu ne a kan sammacin, kuma kai za a nema ka yi bayani." Ya gyara hularsa ya ce, "Kuma babu ko sisi?" Na ce babu, sai kuɗin mai in ya kawo rasit. Washegari da safe ya kira lauyan ya ce a bar shi a uban ƙungiya.