Mene ne "cheat day" da masu rage ƙiba ke yawan ambata?

Idan kana bin shafukan masu rage ƙiba a Instagram ko TikTok, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da wannan ba: mutum ya kwashe kwana shida yana ɗora hoton dafaffen ƙwai da ganyen salak da shayi ba sukari, ranar Lahadi sai ka ga faranti ya yi tozo da soyayyiyar kaza da dankali, ga lemon kwalba yana raɓa a gefe, a ƙasa kuma an rubuta "yau cheat day". Kalmar ta shigo bakin masu zuwa gidajen motsa jiki yadda take a Turanci, babu wanda ya tsaya fassara ta.

A Turanci "cheat" na nufin cuta ko ha'inci ko maguɗi, irin na ɗalibin da ya shiga ɗakin jarrabawa da satar amsa a aljihu. "Day" kuwa rana ce. A wajen masu rage ƙiba, ita ce ranar da mutum ya ware tun da farko, galibi sau ɗaya a mako, ya jingine dokokin da ya ɗora wa kansa, ya ci abin da ransa ke so. Da za a juya ta kai tsaye sai a ce "ranar cuta", amma Bahaushe kalma ɗaya ya ba ha'inci da rashin lafiya, don haka mai ji zai ɗauka ranar kwanciya asibiti ake nufi. Ni na fi son a ce ranar sassauci, kuma da ita zan ci gaba. Tana da ƙanwa, "cheat meal", wato sassaucin ci ɗaya tak, kamar abincin dare, sauran yinin kuma mutum yana kan tsarinsa. Tazarar da ke tsakanin ci ɗaya da yini guda ta fi yadda ake zato, za mu zo kanta.

Al'adar ta daɗe a wajen masu ɗaga ƙarfe da ke gasar murɗa jiki a Amurka, waɗanda kan shafe watanni suna auna duk lomar da za su kai baki. Daga can ta fantsama cikin jama'a. Littafin Body for Life na Bill Phillips, wanda ya fito a 1999, ya tsara kwana shida na kamewa da rana ɗaya da mutum zai ci abin da ya ga dama. A 2010 Tim Ferriss ya ƙara mata armashi a littafinsa The 4-Hour Body, inda ya ce a ranar a ci har a ture. Sai kuma tsohon ɗan kokawa kuma jarumin fina-finai Dwayne Johnson, wanda miliyoyin mutane ke kallon hotunan tulin abincin da yake zama a gabansa ranar Lahadi. Abin da masu kwaikwayonsa ke mantawa shi ne ƙaton mutum ne da ya fi kilo 100, kusan kullum yana ɗaga ƙarfe, kuma jikinsa shi ne jarinsa. Wanda ke zaune a kujerar ofis ko a shago daga safe zuwa magariba ba cikinsu ɗaya ba.

Masu goyon bayan ranar sassauci hujja biyu suke kawowa, ɗaya ta jiki, ɗaya ta zuciya. Ta jikin ce ta fi yawo, kuma ita ce ta fi rauni.

Ga yadda take. Idan mutum ya daɗe yana rage ci, jikinsa kan ja birki, ya rage yawan makamashin da yake ƙonawa, kamar magidancin da albashinsa ya ragu ya shiga tsuke bakin aljihu. Wannan gaskiya ne. Akwai wani sinadari mai suna leptin, wanda Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano a Jami'ar Rockefeller da ke New York a 1994. Kitsen jiki ne ke fitar da shi, aikinsa kuma ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya a rumbu. Da ci ya ragu sai leptin ya sauka, yunwa ta ƙaru. To sai aka ce idan ka cika ciki rana ɗaya, leptin zai tashi, jiki ya saki birki. A shekarar 2000 masu bincike a Lausanne ta ƙasar Suwizalan sun gwada wannan a kan mata 10. Suka ƙara musu kashi 40 cikin 100 a kan abin da jikinsu ke buƙata har kwana uku. Da ƙarin ya kasance na abinci mai sitaci da sukari, leptin ya tashi da kashi 28, ƙona makamashi kuma ya ƙaru da kashi 7 kacal. Da ƙarin ya kasance na maiƙo, babu abin kirki da ya motsa. Ka zuba 40 an maido maka 7, wannan ai ba ciniki ba ne. Kuma ka duba abin da muke marmari a irin wannan rana: ƙosai, masa, fanke, soyayyen nama, cincin, dubulan. Kusan duka daga kaskon mai suka fito.

Hujjar zuciya ta fi tsayuwa da ƙafafunta. Ɗan Adam ba ya jure "har abada". Ka ce masa ya rabu da tsire da fura mai sanyi har illa masha Allah, zai yi mako biyu ya watsar da tsarin gaba ɗaya. Ka ce masa ya yi haƙuri zuwa Asabar, zai iya dannewa. A 2016 Rita Coelho do Vale, malama a wata jami'a a Lisbon ta Fotugal, tare da abokan aikinta biyu, suka wallafa wani gwaji na mako biyu. Rukuni ɗaya na cin kalori 1,500 kullum (kalori shi ne ma'aunin makamashin da abinci ke ba jiki). Ɗaya rukunin na cin 1,300 na kwana shida, a rana ta bakwai su ci 2,700. Duka ɓangarorin sun rage nauyi kusan daidai, amma masu ranar sassauci sun fi nuna ƙwarin gwiwar ci gaba. Sai dai a lura da kyau: 1,500 sau bakwai 10,500 ne, kuma 1,300 sau shida a haɗa da 2,700 shi ma 10,500 ne. Wato ranar daɗin ba kyauta aka ba su ba, sun biya kuɗinta a sauran kwanakin. Wannan ne ɓangaren da masu hotuna a intanet ba su cika faɗa ba.

Domin jiki ba ya duba kalanda. Bai san Lahadi ba, bai san an yi masa alkawarin hutu ba, jimillar mako yake gani. A ɗauki mace da jikinta ke buƙatar kalori 2,000 a rana don nauyinta ya tsaya inda yake. Ta koma cin 1,500. Cikin kwana shida ta tara giɓin 3,000, kuma kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kusan kalori 7,700, wato ta kama hanyar sauke kusan rabin kilo a mako. Idan a rana ta bakwai ta ci 2,500, giɓinta ya koma 2,500, ta yi asarar kaɗan ta ci gaba da tafiya. Idan kuwa ta kai 5,000, mako ya tashi a tutar babu, an yi tufka da warwara. Wani zai ce wa zai iya cin kalori 5,000 a yini? Ba wuya. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa kusan kalori 120 ne, kuma kowa ya san ba da cokali ake zuba wa masa mai ba. Robar Coca-Cola mai santilita 50 tana ɗauke da kusan 210, da sukari sama da giram 50, kuma ba ta tare komai a ciki. A karya da ƙosai da kunu mai sukari, rana a ci dafa-duka da kaza, la'asar a sha fura da nono, dare a sayo tsire da gurasa, tsakani ana tauna cincin ana korawa da lemo. Kafin a kwanta an kai, ko an yi kusa. Shi ya sa na ce ci ɗaya da yini guda ba ɗaya ba ne: ci ɗaya, duk haɗamarka, cikinka zai tsayar da kai, amma yini yana ba ka damar komawa sau biyar.

Sai kuma tashin hankalin washegari. Mutum ya hau sikeli ya ga ya ƙara kilo ɗaya da rabi, ya dafe kai. Yawancin wannan ba kitse ba ne. Jiki na adana sitaci a hanta da tsoka a wata siffa da ake kira gilaikojin, kusan giram 400 zuwa 500 idan rumbun ya cika, kuma kowane giram yana riƙe ruwa kusan giram 3. Ga gishiri da magi na tsire da miya su ma suna riƙe ruwa, ga abincin da bai gama wucewa ta hanji ba. Kwana biyu ko uku sai ya sauka. Kafin kilo ɗaya da rabi na kitse ya taru a yini sai mutum ya ci rarar kalori sama da 11,000. Wanda bai san haka ba shi ne ke hukunta kansa da yunwa ranar Litinin, ko ya ce ai tsarin ba ya aiki.

Akan kawo wani bincike na Ostireliya a matsayin shaida, amma ba daidai ake karanta shi ba. Nuala Byrne ta Jami'ar Tasmaniya ce ta jagorance shi, an sa masa suna MATADOR, sakamakonsa ya fito a 2017. Maza 51 masu ƙiba aka raba biyu. Wasu suka rage ci mako 16 a jere. Wasu suka yi mako 16 ɗin a gutsure: mako biyu na ragewa, mako biyu na hutu. Masu hutun sun sauke kusan kilo 14, na jeren kusan kilo 9. Amma a makonnin hutun ba ci suka yi kamar an aiko su ba, an auna musu daidai abin da zai riƙe nauyinsu, ba ƙari ba ragi. Wannan hutu ne, ba walima ba.

Inda ni nake da matsala da kalmar shi ne sunan kansa. Wa ake cuta? Da zarar ka kira cin masa ha'inci, ka mayar da kanka mai laifi, masa kuma ta zama kayan sata. Masana halayyar ɗan Adam C. Peter Herman da Janet Polivy na Jami'ar Toronto sun shafe shekaru suna nazarin masu takura wa kansu a kan abinci. A wani sanannen gwaji na Herman a 1975, an ba mahalarta kaɗaɗɗiyar madara mai zaƙi, sannan aka ajiye musu askirim wai su ɗanɗana. Waɗanda ba ruwansu da rage ƙiba, da suka sha madarar sai suka ci askirim kaɗan, don sun ƙoshi. Masu takurar kuwa sai suka ƙara ci fiye da yadda za su ci da ba su sha ba. Tunda doka ta riga ta karye, a tafi da ita gaba ɗaya. Mu ma muna da sunan wannan tunani: in za ka sha giya, sha ta dubu. A 2022 Kyle Ganson, shi ma na Jami'ar Toronto, ya yi nazari a kan matasa sama da 2,700 a Kanada, ya samu fiye da rabinsu suna yin irin wannan sassauci, kuma yana tafiya tare da alamomin rikicewar cin abinci, kamar ci ba ƙaƙƙautawa sannan a biyo da yunwa ko motsa jiki mai tsanani don ramuwa. Binciken bai ce wannan ne ya haifar da wancan ba, amma ya isa a yi hattara. Wanda ya san idan ya fara ba ya iya tsayawa, ko yana ɓuya ya ci, ko nadama na hana shi barci bayan ya ci, wannan tsarin ba nasa ba ne. Haka mai ciwon sukari: sukarin jininsa ba ya ɗaukar hutu, yini guda na lemo da alkaki na iya kai shi gadon asibiti. Mai hawan jini ma ya tuna da gishiri. Irin waɗannan sai da shawarar likitansu.

Mu da muke azumi ai ba baƙon abu ba ne wannan. Kowa ya san wanda ya yini bai sa komai a baki ba har kwana talatin, amma ya fito Sallah rigarsa ta ƙara matse shi, don abin da ya bari da rana ya rama shi ninki tsakanin magariba da sahur. Lissafin ɗaya ne, sa'o'i ne kawai suka maye gurbin kwanaki.

Akwai kuma abin da tsarin Turawa bai yi la'akari da shi ba. Wanda ya ware Lahadi a Amurka yawanci shi ke da ikon farantinsa sauran kwanakin. A wajenmu ranar sassauci ita ke zaɓen mutum. Yau suna, jibi kamu, Asabar ɗaurin aure da walima, ga gwaggo ta aiko da funkaso da miyar taushe, kuma mayar da kwano ba a taɓa ba abin magana ne. Naman layya kaɗai mako guda yake yi ana soyawa ana ci. Wanda ya ajiye Lahadinsa daban sannan ya ci na duk waɗannan, ba rana ɗaya yake sassautawa ba, uku ce ko huɗu. Abin da ya fi dacewa da rayuwarmu shi ne mutum ya duba makonsa tun ranar Asabar, ya ga inda hidima ta faɗo, ya ce ci na wurin bikin nan shi ne nawa na wannan mako. Ya karya kumallo kamar kullum don kada ya isa da yunwar kura, ya zuba faranti ɗaya na abin da ya fi so, ya zauna ya ci da daɗi, ya zaɓi ko lemo ko kayan zaƙi. Ledar da ake ba kowa ya tafi da ita gida kuwa, a miƙa wa yara tun a ƙofa.